TARA GAJIYAYYU A GIDA ƊAYA AMANA CE: KYAKKYAWAR NIYYA KAƊAI BA TA ISA BA

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin malamai ya gabatar wa 'yan uwa matasa a birnin Sakkwato, a zaman karatun da aka saba yi bayan sallar La'asar. An kawo shi nan domin amfanin waɗanda ba su samu halarta ba. A sha karatu lafiya.

Bayan ya yi godiya ga Allah (SWT), ya yi salati ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa, Malam ya fara da tambayar 'yan uwa ko sun lura da yadda masu bara suka canza a ƙofofin masallatan garin nan. Ya ce a da makafi ne da guragu da almajirai, kowa ya san unguwarsu, ya san sarkinsu. Amma yanzu duk wanda ya fito daga Masallacin Shehu ko Masallacin Bello ranar Juma'a, ko ya bi ta Hubbare, zai ga tsofaffi maza da mata waɗanda hannunsu bai saba da roƙo ba. Da yawansu manoma ne da makiyaya daga yankunan Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gidajensu. Ya tuna wa 'yan uwa yadda jama'a suka kwararo garin Gandi a watan Yulin 2018 bayan harin da aka kai Tabanni, ya ce tun daga lokacin abin bai tsaya ba. Wani tsohon an kashe ɗan da ke ciyar da shi, wata tsohuwar ba ta san inda jikokinta suka nufa ba.

Malam ya ce saboda haka ne ake ta jin masu hali da ƙungiyoyi suna maganar a samar da gida a tara irin waɗannan bayin Allah, kuma wasu daga cikin 'yan uwa sun zo masa da wannan shawara. Ya ce tunani ne mai kyau, Allah ya saka da alheri. Sai dai yana so kafin a aza tubali ko ɗaya a san nauyin da ake shirin ɗauka, domin wanda ya ɗauko tsoho daga bakin titi ya sa shi a ɗaki ya ja ƙofa, to daga ranar ran wannan tsoho yana wuyansa.

WA YA KAMATA A KAI GIDAN GAJIYAYYU?

Malam ya ce ya san abin da ke zukatan wasu, cewa ai gidan tsofaffi al'adar Turawa ce, Musulmi ba ya kai iyayensa ajiya. Ya ce rabin maganar gaskiya ce. Duk wanda yake da ɗa mai iko, to gidan ɗansa ne gidansa. A Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, Allah ya haɗa umarnin bauta masa da kyautata wa iyaye, ya ambaci lokacin tsufansu musamman, ya hana ko da nuna musu ƙosawa. Kuma ko ƙaramin ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa. Don haka wanda ya ɗauki uwarsa ya kai ta wani gida don matarsa ta ce ta gaji da wankin tsumma, ya nemi wani suna ya sa wa aikinsa, amma ba jinƙai ba.

Ɗaya rabin kuma, in ji Malam, shi ne tsohon da ba shi da kowa. Shi wannan haƙƙinsa yana kan baitulmali, in baitulmali ya gaza ya faɗo kan al'umma a matsayin farillar kifaya, in kowa ya yi shiru kowa ya yi laifi. Ya ce Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj yadda Sayyidina Umar (RA) ya tarar da wani tsohon Bayahude makaho yana bara, ya kama hannunsa, ya sa aka yanka masa abinci daga baitulmali, yana mai ganin rashin adalci ne a ci moriyar ƙuruciyar mutum sannan a yasar da shi da ya tsufa. In haka aka yi wa wanda ba Musulmi ba, ina ga tsohuwar da ta yi shekara saba'in tana sallah?

Ya ci gaba da cewa Musulmi sun daɗe da tsara wannan aiki. Halifa Walid ɗan Abdul Malik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya sa wa kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai hidima, daga dukiyar hukuma. A Alƙahira Sarki Ƙalawun ya gina babban asibiti a 1284, kuma takardar waƙafinsa ba ta tsaya ga faɗin cewa a kula da marasa lafiya ba, sai da ta zayyana shimfiɗa, da rufe abinci, da mafici na lokacin zafi. A Santambul Sarki Abdul Hamid na Biyu ya kafa gidan gajiyayyu mai suna Darul Ajaza, aka buɗe shi a 1896, har yau yana aiki. A nan gida kuma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tarbiyyantar da 'Yan Taru a kan karatu haɗe da hidimar marasa lafiya da mabuƙata.

Malam ya ce abin lura shi ne magabata sun rubuta sharuɗɗa, ba su dogara da cewa mai hidima mutumin kirki ne ba. Ya kuma tuna wa 'yan uwa cewa lokacin da Musulmi suka yi sakaci da masu cutar kuturta, 'yan mishan ne suka karɓi aikin a Amanawa, nan kusa da birni, tun ƙarshen shekarun 1930. Gurbin da al'umma ta bari, wani zai cike shi, kuma ba a zargin wanda ya zo ya yi aikin da masu shi suka ƙi yi.

DARASIN GIDAJEN DA KE RUFE

Daga nan sai Malam ya ja hankalin 'yan uwa zuwa ga abin da ya faru a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari, wasu da sarƙa a ƙafa, da tabon duka a baya. Makonni kaɗan bayan haka aka sake samun irinsa a Daura. Ya ce iyaye ne da kansu suka kai 'ya'yansu waɗannan wurare, da kuɗinsu, da niyyar gyara, kuma da sunan addini aka buɗe su. Abin da ya lalata su shi ne an rufe ƙofa shekara da shekaru babu mai leƙawa. To in an yi wa samari majiya ƙarfi haka, me ake zaton zai samu tsohon da ko ihu ba ya iya yi?

Ya ce kada wani ya ɗauka wannan ciwon talauci ne kawai. A ƙasar Sifaniya, a watan Maris na 2020, lokacin annobar korona, sojojin da aka tura feshin magani sun tarar da tsofaffi a mace a kan gadajensu a wasu gidajen. A Faransa a 2022 wani ɗan jarida ya fallasa yadda wani babban kamfani mai gidajen tsofaffi yake ƙididdige musu abinci da ƙunzugu don riba ta ƙaru, alhali iyalansu suna biyan kuɗi masu yawa. Wannan, in ji Malam, shi ne sakamakon mayar da rauni haja. Amma duk da haka ya kamata a yi adalci, su sun kafa masu dubawa. A Ingila tun 2009 akwai hukuma guda da ke yi wa irin waɗannan gidaje rajista, tana shiga ta duba, ta buga sakamako kowa ya gani, tana kuma iya rufe gida. Ya ce wannan ai hisba ce, aikin da Daular Sakkwato ta san shi, ta naɗa masa muhtasibi, kuma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kansa. Hikima kayan mumini ce, inda ya gan ta ya ɗauka.

SHARUƊƊAN GIDA

Malam ya ce duk mai son buɗe gidan gajiyayyu a garin nan, gwamnati ce ko attajiri ko ƙungiya, to ga abin da za a tambaye shi.

Na farko, karɓa. Ba a kamo tsoho kamar ɓarawo. A nemi yardarsa in yana cikin hankalinsa, a bincika ta hannun mai unguwa da liman ko yana da dangi, a rubuta sunansa da garinsu da ciwon da yake fama da shi. Ƙofa ta kasance a buɗe ga masu ziyara, kuma ranar da danginsa suka bayyana, ko ƙauyensu ya zauna lafiya ya ce zai koma, a sallame shi da mutunci. Babu mari, babu ɗauri, babu duka.

Na biyu, gini. A yi shi a ƙasa ba bene ba, a rage dokin ƙofa da matakala, a guji daɓen tayil mai santsi. Ya ce abin da ya fi kwantar da tsoho shi ne faɗuwa, musamman a makewayi da dare. Saurayi in ya faɗi ya tashi ya kaɗe riga, tsoho kuwa ƙashin ƙugu ke karyewa, da yawa daga wannan kwanciya ba su ƙara tashi. Don haka a kafa ƙarfen dafawa a bango, a yi masai na zama domin gwiwar tsoho ba ta ɗaukar tsuguno, a bar fitila a hanya har asuba. Sashen maza daban, na mata daban.

Na uku, zafi da sanyi. Ya ce ba sai an gaya wa Basakkwace abin da ake nufi da bazara ba, daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yakan haura 40. Tsoho kuwa ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, yana iya bushewa bai ce a ba shi ruwa ba, sai dai a ga ya fara sambatu. A watan Agustan 2003 zafi ya kashe mutum wajen 15,000 a Faransa, mafi yawansu tsofaffi, kuma zafin da ya kashe su shi ne abin da ake sha a nan kowace shekara. Don haka ɗakin kwano mara silin, mara taga biyu, tanda ce ba ɗaki ba. A dasa itatuwa, a yi rumfa, a ajiye randa kusa, a riƙa bi ana miƙa ruwa ba sai an roƙa ba. In azumi ya zo, kada a bar tsoho mai rauni ya kashe kansa, Allah ya yi masa rangwame da ciyarwa, kamar yadda malamai suka fahimta daga aya ta 184 ta Suratul Baƙara. In hunturu ya shigo kuma a ba da bargo, kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe, kada a ajiye janareta a bakin taga, domin hayaƙinsu yana kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

Na huɗu, gobara. Ya ce mutanen garin nan ba su manta da wutar da ta ci Babbar Kasuwa a watan Janairun 2021 ba, kuma masu ƙafa ne suka gudu. A ƙasar Sikotilan, a watan Janairun 2004, wuta ta tashi da dare daga wayar lantarki a wani gidan tsofaffi mai suna Rosepark, mutum 14 suka mutu, hayaƙi ne ya kashe su, kuma bincike ya nuna ma'aikata sun yi jinkirin kiran 'yan kwana-kwana saboda ba a koya musu abin yi ba. To a nan da ake sa ƙarfe a kowace taga, a datse ƙofa da kwaɗo daga waje, mai gadi ya sa mabuɗi a aljihu ya tafi shan shayi, me zai faru? Kowane sashe ya samu ƙofa biyu, kada a kulle mutane daga waje, a raba madafa da ɗakin kwana, kuma kowane ma'aikaci ya san wanda zai fara ɗauka in wuta ta tashi.

Na biyar, abinci da magani. Wanda ba shi da haƙori ba a ba shi ƙanzo. Kunu, da fura mai laushi, da tuwo mai taushi, da wake da ganye, sau uku a rana, kuma a tayar da shi zaune kafin a ba shi don kada ya ƙware. Mai ciwon suga da mai hawan jini a san su, a rage musu sukari da gishiri. A samu ma'aikacin jinya mai takardar shaida, da littafin da ake rubuta wanda ya sha magani da lokacin da ya sha. Wanda ya kwanta ba ya iya juyawa, a juya shi duk bayan kamar awa biyu, dare da rana, a tsane masa jiki, in ba haka ba fatar baya da ta ƙugu za ta ɓarke ta zama gyambon da ke kai wa ga ƙashi. Wanda ya yi tari fiye da mako biyu a kai shi gwajin tarin fuka kafin ya shafa wa 'yan ɗakinsu. Kuma tun kafin a buɗe gida a san asibitin da za a nufa da motar da za ta kai, ko Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

A nan Malam ya ɗan tsaya a kan gigin tsufa. Ya ce Alƙur'ani ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli da Suratul Hajji, lokacin da mutum zai manta abin da ya sani. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Tsohuwa ta fita da dare ba ta san inda za ta ba, ko ta riƙa kiran matattu, sai jahilai su ce mayya ce, yara su bi ta da jifa. Ya ce wallahi wannan zalunci ne, kuma duk ɗan uwan da ya ga ana yi ya yi shiru yana da kaso. Irin wannan a kai ta ga likita, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan a Kware. Haramun ne kuma a riƙa ɗura wa tsoho maganin barci don kawai ma'aikata su huta.

Na shida, masu hidima da dukiya. Namiji ya yi wa namiji wanka, mace ta yi wa mace, a bayan labule, domin tsufa ba ya sauke hukuncin al'aura. A kira su Baba da Inna, ba a kiran su da lambar gado. A samu mai kwana a farke kowane dare. A biya ma'aikaci haƙƙinsa a kan kari, domin wanda aka riƙe wa albashi wata uku a kan tsoho zai huce. Kuɗin sadaka a rubuta shigarsa da fitarsa, a karanta wa jama'a. Kada a jera gajiyayyu a rana ana ɗaukar hotonsu don wani ya raba buhun shinkafa, kada kuma a fitar da su bara da sunan gidan. A taimaka musu da alwala ko taimama, a nuna musu alƙibla, wanda ya zo gargara a zauna kusa da shi, in ya cika a rubuta sanadin rasuwarsa, a yi masa sutura kamar kowane Musulmi.

WA ZAI DUBA?

Malam ya ce duk waɗannan sharuɗɗa tawada ce a kan takarda in babu na bakwai, wato mai dubawa wanda ba ya cin abinci a hannun mai gidan. Ya zo ba da sanarwa ba, wani lokaci da tsakar dare. Ya shiga makewayi da madafa, ya ɗaga zanin gado ya duba bayan mai kwance, ya keɓe da tsoho ya tambaye shi ba a gaban ma'aikaci ba. Ya ce ai haka Sayyidina Umar (RA) ya yi, da dare yake zagaya Madina da ƙafarsa. Kuma a tarihi an kawo yadda ya riƙa zuwa yi wa wata tsohuwa makauniya hidima a gefen gari, kullum sai ya tarar an riga shi, da ya yi kwanto sai ya ga ashe Halifa Abubakar (RA) ne. Shugabannin farko ba su jira rahoto a ofis ba.

Game da hukuma, Malam ya ce a watan Janairun 2018 an sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa a kan tsufa. A jihar nan akwai Hukumar Zakka da Waƙafi. A zamanin gwamnatin Aliyu Magatakarda Wamakko, daga 2007 zuwa 2015, an riƙa ba naƙasassu N6,500 a wata. A Kano kuma akwai gidan gajiyayyu na gwamnati a Shahuci. Ya ce ba a raina ko ɗaya, amma doka a Abuja ba ta juya tsohon da ke kwance a Mabera, kuɗi a hannu kuma ba ya kai makauniya makewayi. Wajibi ne a matsa wa masu mulki su sauke nauyinsu, su fitar da ƙa'ida a rubuce, su yi wa kowane gida rajista, su rufe wanda ya saɓa ko na wane ne. Mai gidan da ya ce shi malami ne ko mai taimako ne don haka ba za a duba shi ba, to shi ya fi cancanta a fara dubawa.

AIKIN DA KE GABAN MATASA

A ƙarshe Malam ya juyo kan 'yan uwa. Ya ce saurayi yana iya tafiya wa'azi gari ya gari, ya kwana yana muhawara a kan mas'ala, alhali kakarsa tana ɗakin baya kusa da turken awaki, ko taga babu. Ya tuna musu da mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi, Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, da ya ce e, sai ya mayar da shi gare su. Don haka kowa ya fara auna gidansu da waɗannan sharuɗɗa a daren nan: iska, ruwa, fitila, makewayi, magani.

Sannan 'yan uwa na kowace unguwa, daga Runjin Sambo zuwa Arkilla, daga Tudun Wada zuwa Gawon Nama, su zauna da liman da mai unguwa su rubuta sunayen tsofaffin da ba su da mai kula da su, har da baƙin da ke kwana a kangaye da rumfunan kasuwa. A raba su, kowane mutum biyu su ɗauki tsoho ɗaya, mata kuma a haɗa su da 'yan uwa mata. Masu karatun jinya da likitanci su koya wa saura yadda ake ɗaga mara lafiya da juya shi. Magina da masu walda da masu gyaran wuta su ba da ranar aiki ɗaya a wata. Ya ce jama'ar da ta riƙe wannan shekara guda ba ta gaji ba, ita ce ta cancanci ta yi maganar gina gida. Wadda ta kasa kuwa, gara ta bar tsoho a inda idon mutane ke ganinsa da ta kai shi bayan katanga ta manta.

Malam ya rufe da addu'ar Allah ya jiƙan iyaye, ya ba marasa lafiya lafiya, ya mayar da waɗanda aka kora gidajensu cikin aminci, ya sa tsufan kowa ya zo a hannun masu tsoron Allah. Aka shafa, aka tashi domin sallar Magariba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu.